Kafin a ce "a yi mata fomataj": tsohon faifai da kwamfutocin Damargu

 

Maganarmu ta yau a kan wani abu ce da za a ga kamar ƙarami: kwamfutar da aka saka wa tsohon faifan Windows ta ƙi tashi. Wani zai ce, ana fama da tsadar hatsi da wahalar ruwa, ina ruwanmu da faifai? To da ruwanmu fa. Abin da ke cikin waɗannan na'urori na jama'a ne. Sunayen ƴaƴanmu masu zana BEPC suna ciki. Lissafin bankin cimaka da na ƙungiyoyin mata yana ciki. Jerin yaran da aka yi wa rigakafi, takardun filaye, shirye-shiryen rediyo da muryoyin dattawan da suka riga mu gidan gaskiya, duk suna ciki. Ranar da kwamfuta ta ƙi tashi, duk waɗannan ne suke tsaye a bakin rijiya.

Kowa ya san yadda abin yake tafiya. An zo biro da safe, an kunna ordinata, ta tsaya a baƙin allo. Sai a aika a kira yaron nan da aka ce ya iya. Ya zo da jakar faya-fayansa, ya zaro wani da aka rubuta wa "XP" ko "7" da alƙalami, ya saka. Faifan ya yi ta juyi, shiru. Ya fitar, ya goga a gefen riga, ya mayar. Shiru. Daga nan hukunci biyu ne kawai: ko a ce "ta mutu, sai a sayi wata", ko a ce "sai an yi mata fomataj", wato a goge duk abin da ke cikinta a sake zuba mata sistem. Hukuncin farko yana cin kuɗi. Na biyu yana cin aikin shekaru cikin minti 10. Kuma sau da yawa babu wanda ya dace a cikinsu, don na'urar lafiyarta lau, faifan ne kawai da ita ba sa jin yaren juna.

Ra'ayinmu a nan guda biyu ne, kuma za mu faɗe su tun da wuri. Na ɗaya, kada a ƙara goge kwamfutar jama'a kafin a kwashe abin da ke cikinta. Na biyu, lokaci ya yi da za mu daina rataya aikin ofisoshinmu da makarantunmu a kan faifan da ya girmi yaran da ke ajin ƙarshe na kwalej.

Ku duba inda muke. A shekarar 2011 aka cire Belbeji daga Tanut ta zama gunduma mai cin gashin kanta, kuma komin ɗin Tarka ita kaɗai ce a cikinta. Ƙidayar 2012 ta samu mutane sama da 96,000 a cikinta, manoma da makiyaya, warwatse cikin ƙauyuka da rugage da zangonni. Sabuwar gunduma tana zuwa da sababbin ofisoshi, ofisoshi kuma suna zuwa da kwamfutoci. Amma mai gyaran da ya san aikinsa bai zo tare da su ba. Daga Tanut zuwa Damagaram kusan kilomita 150 ne, ga wanda ya taso daga Tarka kuwa sai ya fara cin hanyar yashi kafin ya ga kwalta. Saboda haka duk abin da za mu iya ganewa a nan gida, riba ce.

Kwamfutocin namu kuma ba daga kwali ɗaya suka fito ba. Wasu wani furoje ne ya kawo su ya tafi. Wasu an sayo su kwance a Kasuwar Dole ko a titin Beirut na Kano. Wasu ɗan cin rani ne ya riƙo daga arewa. Akwai ta shekarar 2006, akwai ta 2019, dukkansu a ɗaki guda. Faifai kuwa ɗaya ne ke yawo a tsakaninsu, wanda aka kwafa daga wanda aka kwafa.

Bari mu ƙirga shekarun faya-fayan nan. Windows XP ya fito a watan Oktoba na 2001, kamfanin Microsoft ya janye hannunsa daga gare shi ranar 8 ga Afrilu 2014. Windows 7 ya fito a 2009, aka daina kula da shi ranar 14 ga Janairu 2020. Shi kansa Windows 10, da wasunmu ke ganin sabo ne dal, ya fito a 2015, kuma wa'adinsa ya cika ranar 14 ga Oktoba 2025. Faifan XP an shirya shi ne don na'urorin zamaninsa. Bai san komai ba a kan kayan da aka ƙera bayansa, kuma ba zai taɓa sani ba, don abin da aka rubuta a faifai ba ya ƙaruwa.

Ga abin da ya sauya. A cikin kowace kwamfuta akwai wata ƴar ƙaramar manhaja da ke farkawa kafin komai, ita ce ke duba kayan ciki sannan ta nemo inda za ta ɗauko sistem. Kamar mai gadin ƙofa take. Tsohon mai gadin sunansa BIOS, ya yi aiki tun shekarun 1980. Daga wajen 2012, lokacin Windows 8, sai yawancin kamfanoni suka koma wa sabon mai gadi mai suna UEFI. Wannan sabon yana da wani tsari da ake kira Secure Boot, wanda ba ya barin kowa ya wuce sai mai ɗauke da hatimin da ya sani. Faifan XP ba shi da wannan hatimi, na Windows 7 ma haka. Sai mai gadi ya yi kamar bai gan su ba. An bar wata ƙaramar ƙofa ta baya don tsofaffin baƙi, ana kiranta Legacy ko CSM, amma a na'urori da yawa a rufe take zuwa, kuma kamfanin Intel ya sanar tun 2017 cewa zai toshe ta daga 2020. Don haka a kan kwamfutar kwanan nan, ko faifan XP ya fito daga ledarsa yau, ba zai tashi ba.

To in abin ya faru, daga ina za a fara? Daga rumbu. Duk manomin Damargu ya san ba a cinna wa rumbu wuta don ɓera ya shiga. A cikin kwamfuta akwai ma'ajiyar da masu gyara ke ce wa diskidur, ita ce rumbun. Sau da yawa sistem ne ya lalace, amma takardun suna nan kwance lafiya. Hanya biyu ce ta kwashe su. Ko a kwance rumbun a saka shi cikin ɗan akwatin da ake jona wa wata kwamfuta ta bakin USB, ko a tada na'urar da kilen da aka zuba wa Linux, wanda ke iya aiki daga kan kilen ba tare da ya taɓa abin da ke ciki ba. A buɗe, a kwafe komai zuwa wani wuri, mai kayan ya duba da idonsa ya tabbatar takardunsa sun fito. Sai bayan nan a fara maganar gyara. Duk mai gyaran da ya ce babu lokacin wannan, a ce masa ya dakata.

Na biyu, a tuhumi faifan kafin a tuhumi na'urar. Faifan da aka kwafa a shago ba ya jure zafi. A nan kuwa watan Afrilu da Mayu zafi yana wuce digiri 40, balle cikin jakar da ta yini a kan babur. Faifai yana lanƙwasa, yashi yana karce shi, rana tana cinye rubutun da ke jikinsa. A gwada shi a wata kwamfutar. In can ma ya ƙi, an kama ɓarawon. A kuma lura, Windows 7 a kan DVD yake zuwa, wanda ke ɗaukar giga 4.7, alhali wasu tsofaffin na'urori CD kawai suke karantawa, mai ɗaukar mega 700. Akwai kuma kuskuren mai kwafa: ya ɗauki fayil ɗin sistem ya jefa a faifai kamar yadda ake jefa waƙa. Irin wannan faifan, in ka buɗe shi a kwamfuta mai aiki za ka ga fayil guda ɗaya tak a ciki, kuma har abada ba zai tada komai ba. Shi ma lektar ɗin, wato abin da ke karanta faifan, yana da ɗan ido na gilashi da ƙurar hunturu ke rufewa. In ba ya karanta kowane irin faifai, laifin nasa ne.

Na uku, a duba ko na'urar ma ta nemi faifan. Mai gadin yana da jerin wuraren da yake leƙawa bi da bi. In rumbu ne a sama, zai tafi can kai tsaye ya bar faifan yana juyi a banza. Ana kiran jerin ne da danna maɓalli da zarar an kunna: F9 a yawancin HP, F12 a Dell da Lenovo. Shiga cikin saitin kansa kuwa F10 ne a HP, F2 a Dell. Kuma faifan Windows yakan rubuto wani ɗan layi a sama, da Faransanci ko Turanci, yana cewa a danna kowane maɓalli. Daƙiƙa kaɗan yake jira. Wanda ya juya yana gaisawa da baƙo, ya wuce shi.

A nan ne za mu ambaci wani ɗan abu da ya sa an yar da kwamfutoci masu lafiya: batir mai kamar kwabo da ke manne a jikin allon ciki, lambarsa CR2032, ƙarfinsa bolt 3. Shi ne ke riƙe agogo da saitin mai gadi in an kashe wuta. In ya mutu, na'urar takan manta komai duk safiya. Alamarsa a fili take: kwanan wata ya koma shekarun baya, ko ta tsaya tana neman a danna F1. Masu gyaran agogo da masu sayar da kayan waya suna da shi, kuma kuɗinsa bai kai ko kusa da kuɗin mota zuwa Damagaram ba.

Na huɗu shi ne maganar ƙofar bayan nan. In na'urar ta zo bayan 2012 kuma dole sai an yi amfani da tsohon faifai, sai an shiga saiti an kashe Secure Boot an kunna Legacy. Amma a yi hattara, don garin gyaran gira ake rasa ido. Kafin a taɓa komai, a ɗauki hoton allon da waya, shafi bayan shafi, don a san yadda za a mayar. Kuma wasu sababbin kwamfutoci, musamman waɗanda suka fito daga manyan ofisoshi, an kulle rumbunsu da wani makulli mai suna BitLocker. Da an taɓa saitin sai su nemi wata doguwar lamba mai alƙaluma 48. In babu wanda ya ajiye ta, takardun sun shiga rijiya gaba dubu. A tambayi mai kayan ko yana da lambar tun kafin a fara.

Na biyar, akwai lokacin da faifan zai tashi, har a fara murna, sai allo ya koma shuɗi da wata lamba mai ƙarewa da 7B, ko kuma ya ce bai ga rumbu ba. Mutane da yawa a nan suke yanke ƙauna su ce diskidur ya ƙone. Yana nan garau. XP an yi shi ne a zamanin tsohuwar igiya mai faɗi da ake kira IDE, bai zo da direbobin sabon tsari na SATA mai suna AHCI ba. Masu shirya shi sun tanadi a danna F6 a ba shi direban daga disket, wancan ɗan faifan mai kusurwa huɗu. Wa ya ga disket a Tarka cikin shekarun nan? Ana iya sauya saitin daga AHCI zuwa IDE in na'urar ta yarda, sai dai sistem ɗin da ke ciki zai ƙi tashi har sai an mayar da shi yadda yake. Windows 7 ma yana da tasa: faifansa bai san bakin USB 3 ba, mai launin shuɗi a ciki. A kan na'urorin da aka ƙera daga 2015 zuwa sama, sai ka kai shafin zaɓen harshe, linzami da allon rubutu su daskare.

Kada kuma a manta da abokan zamanmu na kullum, ƙura da wuta. Kwamfutar da ke kuka "ƙit, ƙit, ƙit" ba tare da ta nuna komai a allo ba, sau da yawa baret ɗin ram ce ta ɗan ɗaga ko ƙura ta shiga ƙarƙashinta. A cire wuta, a zare ta, a share bakinta a hankali, a mayar har ta ce ƙas. Wadda ke mutuwa a tsakiyar aiki kuwa a duba fankarta, wataƙila ta toshe. Wutar gurup da ta fano mai hawa da sauka ita ce ke lalata sistem tun farko, don in wuta ta ɗauke lokacin da na'ura ke rubutu a rumbu, rubutun yana yankewa a rabi. Ofishin da ya sayi kwamfuta bai sayi ondila ba, ya sayi doki ne ya bar shi ba turke.

Abu na ƙarshe a wannan ɓangaren: tsohon faifai ba ya gyara sabon sistem. Faifan XP ba zai gyara Windows 7 ba, na 7 ba zai gyara 10 ba. In aka matsa, sai ya rubuta nasa a kan hanyar da sabon ke bi ya tashi, a wayi gari an ƙara ciwo a kan ciwo. Ko da faifan da ya dace ne, akwai shafi mai zaɓi biyu, ɗaya na zuba sabo, ɗaya na gyara wanda ke ciki. Na gyaran a ƙasa yake, da ƙananan haruffa, shi ya sa ido ke tsallake shi.

Mun san akwai masu cewa, ku ƙyale mu da XP ɗinmu, da tsohuwar zuma ake magani. Suna da hujja, kuma ba za mu raina ta ba. XP ba shi da nauyi, yana gudu a kan na'ura mai ram mega 512 wadda Windows 10 ba zai ko motsa a kanta ba. Sakatare ya saba da shi, ya san inda komai yake. Wata tsohuwar firinta ko na'urar haɗa sauti a rediyo ba ta da direba sai na XP. Windows 11 kuwa, da ya fito a 2021, yana neman ram giga 4 da wani guntun tsaro mai suna TPM 2.0, abin da yawancin kwamfutocinmu na kwance ba su da shi. Mun yarda da wannan duka. In akwai na'ura ɗaya da ke jan wani tsohon inji, a bar ta da XP ɗinta, a raba ta da intanet, a hana kowa soka mata kile. Wannan hikima ce. Amma kwamfutar da ke riƙe da sunayen ɗalibai ko kuɗin ƙungiya, wadda kowa ke zuwa da kilensa, ba ta cikin wannan rangwamen.

Sai masu cewa, ai mu nan ba mu da intanet, ta ina birus zai shigo? Ta aljihu. Kilen da ya je shagon fotokwafi a Tanut jiya, yau yana ofishin direkta, gobe yana rediyo. Wa bai taɓa ganin birus ɗin nan da ke ɓoye takardu ya bar gajerun hanyoyi marasa komai ba? Kuma yanzu kowa yana jona kwamfuta da wayarsa don ya aika rahoto ta WhatsApp ko imel, to ai an shiga intanet kenan. A watan Mayu na 2017 wani birus mai suna WannaCry ya bi ta wata ɓaraka a Windows ya kulle kwamfutoci a ƙasashe kusan 150, ya nemi kuɗin fansa. Asibitocin Ingila sai da suka soke ganin marasa lafiya. Yawancin waɗanda ya kama ba su ɗauki gyaran da aka riga aka fitar ba. Sistem ɗin da aka daina kula da shi kuwa, gyaran ma ba ya zuwa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma wannan bangon babu mai sake yaɓe shi. Ƙari a kan haka, faifan da aka kwafa ba a san hannun wa da wa ya bi ba, wani lokaci da cutarsa yake zuwa.

Mafita ba ta fi ƙarfinmu ba. A bar faifai a koma kile. Kile mai giga 8 ya isa ɗaukar sistem, ba ya karcewa, ba ya lanƙwasa, kuma sababbin kwamfutoci da yawa ba su ma da wurin saka faifai. Akwai manhajoji na kyauta, Rufus da Ventoy, da ke shirya kile ya tada tsohuwar na'ura da sabuwa. Wanda ya je Damagaram ko ya samu rezo mai kyau sau ɗaya, ya sauke, ya wadatar da gari guda. Ga tsofaffin na'urorin da Windows na yanzu ya fi ƙarfinsu, akwai Linux, kyauta ne kuma halal, babu maganar satar lasisi. Linux Mint da Lubuntu suna da Faransanci, suna zuwa da LibreOffice mai buɗe takardun Word da Excel. Akwai ma Emmabuntüs, wanda wasu ƴan sa-kai a Faransa suka shirya musamman don farfaɗo da tsofaffin kwamfutoci, an kuma yi aiki da shi a makarantu a Togo. Birus ɗin kile da ke addabar Windows ba ya cin Linux. Ana iya ɗora masa Kiwix, yara su karanta Wikipedia, har da ta Hausa, ba tare da intanet ba. Gaskiya ne sai an ɗan koya, kuma a fara gwada firinta kafin a sauya. Amma wanda ya koyi WhatsApp cikin mako guda ba tare da malami ba, wannan ba zai gagare shi ba.

Akwai wani dalili da ya shafe mu kai tsaye. Kundin sake gina ƙasa da aka ƙaddamar a watan Maris na 2025 ya ɗora Hausa a matsayin harshen ƙasa. Takardun Hausa za su ƙaru a ofisoshi da makarantu. Harshenmu yana da ɓ, ɗ, ƙ da ƴ, Tamajaq kuma yana da Tifinar. A tsofaffin sistem, sau nawa muka buɗe takarda muka ga an maye waɗannan haruffa da ƴan akwatuna? Sababbin suna nuna su ba wahala. Bambancin "ƙasa" da "kasa" ba abin wasa ba ne a takardar fili.

Yanzu ga kiranmu. Ga ƙungiyoyi da furojoji masu kawo kwamfutoci, mun gode, Allah ya saka. Amma kyautar da aka ajiye aka ɗauki hoto aka tafi, ba a bar kalmar sirrin BIOS ba, ba a bar kilen gyara ba, ba a koya wa kowa ba, rabin kyauta ce. Kafin a sa hannu a takardar karɓa, a kunna kowace na'ura a gaban jama'a, a rubuta lambobinta da kalmomin sirrinta a littafi, a horar da mutum biyu ƴan gari waɗanda ba za a yi musu canjin wurin aiki gobe ba. Kuma kada a mayar da mu juji. Ƙasashen Afirka sun ƙulla yarjejeniyar Bamako tun 1991 don hana shigo da shara mai guba cikin nahiyar. Kwamfutar da ta mutu tun a Turai, in ta iso nan, darma da sauran gubar da ke cikinta a ƙasarmu za su ƙare, kusa da rijiyoyinmu da dabbobinmu.

Ga masu riƙe da komin da shugabannin ma'aikatu na Belbeji da Tanut, abin da muke nema ba gini ba ne. A ware ɗan layi a kasafin shekara don kula da na'urori: batir, kile, ondila, da rumbu na waje guda ɗaya. A sa doka a rubuce cewa duk ranar Juma'a kafin a tashi, sai an kwafe aikin mako zuwa wuri biyu, ɗaya kuma ya kwana a wani ɗaki daban. Muhimman jeri, kamar na ƴan jarrabawa, a buga su a takarda a ajiye. Iyayenmu ba su taɓa cinye hatsi duka ba, ko a shekarar da ta fi kowace muni sai sun ɓoye iri. Wannan ma iri ne. Ba a fafe gora ranar tafiya, kuma ba a neman kwafin sunayen ɗalibai ranar da ake rufe karɓar takardu.

Ga ƙannenmu masu gyara, ku ne ƙashin bayan wannan magana, kuma ba mu zo don mu ci fuskarku ba. Yawancinku da kanku kuka koya, da waya da naci, babu wanda ya biya muku makaranta. Amma fomataj ba shi ne gwaninta ba. Gwani shi ne wanda ya mayar wa mutum na'urarsa da takardunsa a ciki. Ku tambayi mai kaya abin da ke cikin rumbu kafin ku taɓa. In abu ya fi ƙarfinku, ku ce ya fi, babu kunya a ciki. Ku haɗa zauren WhatsApp tsakanin na Belbeji, Tanut, Gangara da Bakin Birji, ku jawo ɗalibanmu da ke jami'ar André Salifou ta Damagaram, in sun zo hutu su zauna da ku kwana biyu. Mu kuma masu kai gyara, mu daina ciniki kamar muna sayen goro. Wanda ya ɓata awa uku yana ceto takardunka ya fi cancantar lada a kan wanda ya goge su cikin minti 10. In muka ci gaba da biyan su kuɗi ɗaya, mu ne muke koya musu gogewa.

Saboda haka jama'a, in gobe kwamfutar makarantarku ko ta ƙungiyarku ta ƙi tashi, kafin kowa ya zaro faifai, ku yi tambaya ɗaya: an kwashe abin da ke ciki? In aka ce a'a, ku riƙe hannun mai gyara. Sauran duk mai sauƙi ne, ana iya binsa daki-daki kamar yadda muka zayyana.

Waɗanda suka san aikin nan fiye da mu, ku ƙara mana haske. Wanda ya karanta kuma, don Allah ya karanta wa direktan makarantar garinsu da sakataren ƙungiyarsu. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya zaunar da Damargu da Nijar baki ɗaya lafiya. Mu kwana nan.